KARE MAI TSORON ALLURA: YADDA ZA A KAI SHI WURIN MALAMIN DABBOBI

Jawabi ga mafarauta, makiyaya da masu karnukan gadi

   

Maganar yau a kan kare ce. Wataƙila wani ya ce a ransa, a rasa abin da za a tara magidanta a kansa sai kare? A yi haƙuri a saurara zuwa ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin yaron da mahaukacin kare ya ciza ya san maganar ba ƙarama ba ce.

Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Mai shela ya zaga gari. Ya ce gobe malamin dabbobi zai zo ƙofar gidan dagaci, kowa ya kawo karensa a yi masa allura. Gari ya waye, malami ya iso da akwatin ƙanƙararsa. Sai a ga mutum yana jan karensa da igiya. Kare ya turje, ya kafe ƙafafu a ƙasa yana kuka. Wani karen ya tsinke igiya ya shige cikin dawa. Wani ya kai wa mai shi cizo. Mai kare ya ji kunya, ya ce a bar shi kawai. Da azahar malami ya ɗaure kayansa ya hau babur ya tafi. Karnukan da suka fi tsoro kuma suka fi saurin cizo, su ne ba a yi wa allurar ba.

DALILIN YIN ALLURAR

Ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce take kawo shi. Ido ba ya ganinta. Tana cikin yawun karen da ya kamu. In ya ciji mutum, ko ya lashi wurin da yake da rauni, sai ta shiga jiki. Daga nan ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata 2 zuwa 3. Wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Shi ya sa ake ruɗuwa. Wurin cizon ya warke, an manta da maganar, sannan cutar ta tashi. In kuwa ta tashi, mutum ya fara firgita yana tsoron ruwa, to kusan duk wanda ya kai nan ba ya tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu cizon kare ne sanadi. A cikin kowane mutum 10, kamar 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara su ne masu wasa da karnuka, kuma sukan ɓoye cizo don tsoron faɗa. Shanu da awaki da tumaki da jakuna su ma suna kamuwa, kuma su ma ba sa tashi.

Amma akwai rigakafi. Wani masani mutumin Faransa, mai suna Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum allurar wannan cuta a shekarar 1885. Yaro ne ɗan shekara 9 wanda kare ya ciza, kuma ya rayu. Don tunawa da wannan masani, tun daga 2007 aka keɓe ranar 28 ga Satumba ta zama ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya. A Nijeriya akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, cikin Jihar Filato, wadda take can tun 1924. Tana cikin masu yin allurar karnuka.

Masana sun gano cewa in aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Ke nan duk karen da ya gudu ranar allura, ya bar wa garin ƙofa a buɗe. Akan fara allurar tun kwikwiyo yana wata 3, sannan a maimaita kowace shekara.

ME YA SA KARE YAKE TSORO?

Yawancin karnukan ƙauye ba su taɓa sanin igiya a wuya ba. Ba a taɓa rungume su ba. Abin da suka sani daga hannun mutum shi ne jifa da sanda. Rana ɗaya sai a ɗaure kare, a ja shi cikin taro. Ga hayaniya, ga baƙin karnuka, ga baƙon mutum mai warin magani. Hancin kare ya fi na mutum ji nesa ba kusa ba. Tun daga nesa ya shaƙi abin da ke wurin, ya kuma ji kukan 'yan'uwansa.

In kuma an taɓa danne shi da ƙarfi aka yi masa allura, ba zai manta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kare yake. Turjiyar nan ba taurin kai ba ne. Tsoro ne. Kare mai tsoro in ya rasa hanyar gudu, haƙoransa kaɗai suka rage masa.

ALAMUN TSORO

Yawanci kare yakan yi gargaɗi kafin ya yi cizo. Mai kare ya lura da waɗannan:

1. Ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu.
2. Ya kwantar da kunnuwa baya.
3. Yana lasar baki, yana hamma alhali ba barci yake ji ba.
4. Yana haki alhali bai yi gudu ba.
5. Jikinsa yana karkarwa, ko ya saki fitsari.
6. Ya kau da kai, amma yana kallo ta gefen ido.
7. Ya sandare wuri ɗaya, ya fara gurnani.

In ya kai ta bakwai, cizo ya kusa. A dakata, a ja da baya kaɗan, a bar shi ya huce. Kada a doke shi don ya yi gurnani. Gurnani sanarwa ce. Karen da aka hana shi gurnani da duka, wata rana zai yi cizo ba sanarwa.

SHIRI TUN KAFIN RANAR

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin yana son mako 2 ko 3, kuma ba ya cin kuɗi. Minti 5 da safe, minti 5 da yamma sun isa. Wanda yake ba karen abinci, shi ya kamata ya yi aikin, domin shi karen ya yarda da shi.

Da farko a tanadi ɗan abin da karen yake so. 'Yar tsokar nama da aka yanka ƙanana, ko ƙanzo, ko lomar tuwo. A guji abin da aka cika wa albasa, domin albasa tana cutar da kare. A guji ƙashin kaza da aka dafa, domin yakan tsage ya soke shi.

Mako na farko, saba da hannu. Mai kare ya tsuguna kusa da shi. Ya shafa kafaɗarsa, ya ba shi loma. Ya shafa wuyansa, ya ba shi loma. Kashegari ya taɓa kunne, ya riƙe ƙafa, ya ɗan ɗaga fatar ƙeya da yatsu biyu ya saki. Kowace taɓawa da lomarta. Akan yi allura a fatar wuya ko a cinya, don haka a fi yawan taɓa waɗannan wurare. In karen ya janye jiki, an yi sauri ke nan. A koma inda ya yarda jiya.

Mako na biyu, saba da igiya. A sami igiya mai taushi ko tsumma mai faɗi. Kada a yi amfani da waya. Kada a yi zarge mai shaƙewa in an ja. A ɗaura yadda yatsu biyu za su shiga tsakanin igiya da wuya. Ranar farko a sa masa ita lokacin cin abinci, in ya gama a cire. Bayan kwana 2 ko 3 a riƙe bakin igiyar, a kira sunansa, a yi taku uku, a ba shi loma. Kada a ja shi. A bari shi ya biyo. Daga tsakar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofar gida.

Mako na uku, saba da hanya da mutane. A riƙa zagayawa da shi ta wurin da ake yin allurar, a ba shi loma a can, a dawo gida ba a yi masa komai ba. A roƙi wani maƙwabci ya tsaya kusa, ya jefa masa loma. In asibitin dabbobi yana kusa, a kai shi ziyara haka nan sau ɗaya ko biyu. In da mota ko amalanke za a kai shi, a riƙa ɗora shi a ciki tana tsaye, ya ci abinci a sauke shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyo daga mako 3 zuwa wata 3 yana saurin sabawa da duk abin da ya gani. Wanda ya saba masa da hannu da igiya a wannan lokaci, ya huta har tsufan karen. Babban kare ma yana koyo, sai dai ya fi son haƙuri.

TAKUNKUMI

Karen da aka san yana kai cizo, a sa masa takunkumi kafin allura. Ba sai an saya ba. A yago tsumma mai tsabta, tsawon kamu 2 ko 3, faɗin yatsu uku. A yi masa zobe a tsakiya. A tsaya ta bayan karen, a zura zoben a bakinsa, a ɗaure a bisa hanci. A zagayo da bakin tsumman biyu ƙarƙashin haɓa a sake ɗaurewa. Sannan a kai su bayan kunnuwa a yi ƙulli mai saurin kwancewa.

Wannan ma sai an saba masa a gida. A sa na ɗan lokaci, a cire, a ba shi loma. Abu guda kada a manta. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake rage zafin jikinsa. In aka ɗaure masa baki aka bar shi a rana, zafi yana iya kashe shi. Saboda haka a sa takunkumi in layi ya zo kansa, a cire da zarar an gama. Karen da yake amai ko numfashi da ƙyar, ba a sa masa takunkumi.

RANAR ALLURA

A kama karen tun da asuba, kafin ya fita yawo. Kada a cika masa ciki da safe. Ɗan yunwa yana sa ya kula da lomar da ke aljihu. A ba shi ruwa. A fita da wuri, kafin rana ta yi zafi kuma kafin taro ya cika. A bar shi ya yi fitsari da kashi a hanya.

Babban mutum ya kamata ya kai kare mai tsoro. Kada a tura ƙaramin yaro shi kaɗai. In yaron ne karen ya fi sabawa da shi, to su je tare da babba.

In an isa, kada a kutsa cikin layi. A sami inuwa can gefe, nesa da sauran karnuka. A aika wani ya gaya wa malami cewa ga kare mai tsoro. Faɗin haka ba abin kunya ba ne. Malamin zai fi jin daɗin a gaya masa da a bar shi ya sha cizo. Yana iya zuwa inuwar da kansa, ko ya bar karen zuwa ƙarshe, ko ya biyo shi gida. Masu unguwanni su taimaka su hana yara ihu da tsokana.

Mai kare ya natsu. Kare yana karanta mai shi. In murya ta tashi, igiya ta yi tauri, sai ya ɗauka lallai akwai masifa. A yi masa magana da muryar da aka saba yi masa a gida.

Ga yadda ake riƙo. Mai kare ya tsuguna a gefensa. Hannu ɗaya ya bi ta ƙarƙashin wuya ya tallafe kan. Ɗaya hannun ya zagaye cikinsa. Ya jawo shi jikinsa, kan karen yana kallon wani gefe, ba wajen malami ba. Ya kau da fuskarsa daga bakin karen. Riƙo ne ake so, ba matsa ba. Kada mutum huɗu su taru su danne shi ƙasa. Kada a taka masa wuya. Allurar kanta ba ta wuce ƙiftawar ido ba. In an gama, a cire takunkumi, a ba shi loma, a bar wurin.

Kafin a tafi, a karɓi katin allura. A duba an rubuta ranar da aka yi da ranar da za a dawo. A ajiye shi inda ake ajiye katin rigakafin yara. Ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabci, katin nan zai kashe rigima.

BAYAN ALLURA

Wani karen yakan yi kasala kwana ɗaya ko biyu. Wurin allurar yakan ɗan kumbura. Wannan yana wucewa. Amma in fuskarsa ta kumbura, ko yana amai, ko numfashi ya yi masa wuya, a nemi malami nan da nan. Allurar takan ɗauki kamar mako 3 zuwa 4 kafin ta kama jiki sosai.

Wasu mafarauta suna cewa allura tana kashe wa kare zuciya, ko ta rage masa jin ƙanshin nama. Ba haka ba ne. Ba ta taɓa hancinsa, ba ta rage masa gudu. Karen farauta ma shi ya fi bukatarta, domin shi yake gamuwa da dila da sauran namun daji da baƙin karnuka.

Kada kowa ya ba kare maganin mutane wai don ya natsu. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kasuwa suna iya lalata masa ciki da ƙoda da hanta. Akwai maganin kwantar da hankalin kare, amma likitan dabbobi ne kaɗai yake ba da shi, gwargwadon nauyin karen.

TSORO DABAN, HAUKA DABAN

Wannan wuri yana son kunne. Kare mai tsoro yana da dalilin tsoronsa. In ya dawo gida sai ya ware, ya ci, ya sha, ya kaɗa wutsiya. Mahaukacin kare kuwa halinsa yakan sauya haka kawai. Yana cizon icce da dutse da duk abin da ya gitta. Yawu yana dalala. Muryar haushinsa ta sauya. Daga baya ƙafafun baya su mutu. Wani kuma ba ya faɗa. Sai ya yi shiru, baki a buɗe, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakin irin wannan kare.

Karen da ya nuna waɗannan alamu, ba a kai shi layin allura. Ba a gwada sa masa takunkumi. A janye yara da dabbobi, a rufe shi in zai yiwu ba tare da an taɓa shi ba, a sanar da dagaci da malamin dabbobi.

IN CIZO YA AUKU

Ko karen gida ne, ko cizon ƙarami ne, a yi abu uku. Na ɗaya, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ruwan har minti 15. Na biyu, a tafi asibiti a ranar. Akwai allurar mutane wadda take tare cutar kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Ana yinta sau da yawa a ranaku daban-daban, kuma dole a cika su duka. Na uku, a killace karen kwana 10, ana ba shi ci da sha, malamin dabbobi yana dubawa. Amma kada a zauna jiran kwana goman kafin a je asibiti. Shafa toka, ko gashin karen, ko ɗaure wurin da ganye, ba sa kashe ƙwayar cutar. A gaya wa yara su faɗa in kare ya cije su ko ya yakushe su, ba wanda zai doke su.

KAMMALAWA

A ɗauki misalin maƙwabta biyu. Na farko ya ji shela da dare, da safe ya ɗaure karensa da waya ya ja shi. Kare ya cije shi a hannu ya gudu. Ga kuɗin asibiti, ga kare ba allura, kuma baɗi ko igiya ya gani ba zai tsaya ba. Na biyu ya ɓata minti 10 kullum har mako 3. Ranar allura karensa ya biyo shi a baya, ya ci loma biyu, aka gama. Abin da ya kashe bai wuce ƙanzo da tsumma ba.

Kare yana kwana a waje yana gadin garke. Yana korar birai daga gona. Yana shiga ƙaya don mai shi ya sami nama. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa, haka ma haƙƙin maƙwabtan da take shiga cikinsu. Duk mai kare ya fara shirin tun yau da yamma, kada ya jira mai shela. Wanda ya karanta wannan jawabi ya karanta wa ɗan'uwansa mai kare.

Allah ya tsare yara da dukiya, ya ba da lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.